Harafi ɗaya tsakanin Maraɗi da Konya: yadda na samu bizar karatu da katin zama a Turkiyya

Tun da na zo hutu gida, babu daren da zan zauna a fadarmu ta unguwar Zariya ba a jawo maganar nan ba. Shayin farko bai sauka ba wani zai matso ya ce, "Wai ya aka yi ka samu biza?" Kullum biza ake tambaya. Babu wanda ya taɓa tambayata katin zama, alhali shi ne takardar da ɗalibi yake rayuwa da ita a can, biza kuwa ƙofa kawai take buɗe maka. Na gaji da maimaita labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna in rubuta shi daga farko, yadda ya faru da ni, har da wautar da na tafka da hannuna.

Na gama lisans a fannin noma a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a 2023. Kamar yawancin abokan karatuna, da Faransa nake mafarkin yin masta, amma bayan juyin mulkin watan Yuli na shekarar hanyar ta toshe, kuma a farkon Janairun 2024 aka rufe ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai. Wani malaminmu ne ya ce in gwada tallafin karatun gwamnatin Turkiyya, wanda ake kira Türkiye Bursları. Ana buɗe shi daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, ta intanet, kuma ba a biyan ko dala. Na nanata wannan domin a lokacin akwai wani mutum a garin nan da yake karɓar kuɗin mutane da sunan ya san wasu a sama. Wani abokina ya ba shi jika 150, ba a ko kira shi hira ba, kuɗin ma har yau ana ta "gobe, jibi". Sharuɗɗan a rubuce suke: mai neman lisans kada ya kai shekara 21, mai neman masta kada ya kai 30, dakta kuma 35. Makin da ake so kashi 70 cikin ɗari ne ga lisans, 75 ga masta da dakta, masu son likitanci kuwa 90. Wanda aka ɗauka ana biya masa kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, tikitin jirgi, kuɗin wata, da shekara ɗaya ta koyon Turkanci kafin ya shiga karatun da ya kai shi.

A nan na yi kuskuren da ya bi ni har Konya. Lokacin cike fom ɗin ba ni da fasfo, sai na zauna a sibar, difloma a gabana, na kwafe sunana yadda yake a kanta. Kun san yadda sunayenmu suke a rubutun Faransanci: suna ɗaya ne a baki, amma wannan ya rubuta Ousmane, wancan Ousman, wani ma Oussoumane. Sunan mahaifina a takardar haihuwata yana da harafin "e" a ƙarshe. Ranar da aka sa ni lakwal, wanda ya rubuta rajista ya bar harafin, kuma haka sunan ya bi ni daga firamare har jami'a. Shekara da shekaru ina riƙe da takardun nan biyu a jaka ɗaya, ban taɓa ajiye su gefe da gefe na karanta ba. Wa yake karanta sunansa?

A watan Maris na tafi Yamai yin fasfo. Daga Maraɗi tafiyar ta haura kilomita 600, ta Ƙwanni, Dogon Dutsi da Doso. Ka shiga bas da asuba, ka sauka da yamma ƙafa ta kumbura. Na tafi da takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙasa da na karɓa a kotu, katin ɗan ƙasa da hotuna, kowace takarda da kwafinta mai tambur da hatimi. Fasfo takardar haihuwa yake bi, saboda haka ya fito da "e" ɗinsa. Na karɓa, na shafa bangonsa, na yi hoto da shi na aika gida, ban duba komai ba. A wannan zumuɗin ne kuma na je kotu na karɓi takardar shaidar rashin laifi, wato kaziye, ban san wata 3 kacal take yi ta mutu ba. Kafin a zo inda take da amfani ta zama takardar ƙunshe ƙosai, sai da na sake wata.

An kira ni hira kafin damina ta kankama. Wata tafiyar Yamai ke nan. Hirar ba ta wuce minti 15 ba: me ya sa Turkiyya, me zan bincika, me zan yi in na dawo. Na yi musu bayanin yadda ƙasar noma take gajiya a yankinmu da noman rani a Gulbin Maraɗi, abin da na sani tun ina yaro, don haka bakina bai yi nauyi ba. Sun duba takardun asali, shi ya sa kada wanda ya je hira da kwafi kaɗai. Daga nan sai jira. Watan Yuli ya wuce ina duba saƙo kamar mai duban hadari, har Inna ta fara cewa wayar nan za ta cinye mini ido. A watan Agusta sakamako ya fito: Jami'ar Selçuk, a birnin Konya, sashen noma. Daren nan a gidanmu har maƙwabta sun sha lemo.

Bayan na sa hannu a yarjejeniyar tallafin ta intanet, na sauke takardar karɓa, wadda take nuna jami'ar ta ɗauke ni, na cike fom ɗin neman biza a shafin ma'aikatar harkokin wajen Turkiyya, na ɗauki ranar ganawa a ofishin jakadancinsu da ke Yamai. Na sauka gidan Kawu. Dosiyena ya ƙunshi fasfo, fom ɗin da na buga na sa hannu, takardar karɓa, hotuna masu farin bango, difloma da takardar maki, sabuwar kaziye da takardar likita. Na isa tun kafin a buɗe ƙofa, na tarar da ɗalibai kusan goma, wasu daga Damagaram, wasu daga Tawa, kowa rungume da jakarsa kamar jariri. Da layi ya zo kaina, ma'aikaciyar ta buɗe fasfo, ta ajiye takardar karɓa kusa da shi, ta sa bakin biro a kan sunan nan, ta ɗaga ta sa a kan wancan. Ta ce, cikin ladabi, sunayen ba ɗaya ba ne. Na leƙa. Na ce, "Madam, ai ni ne, harafi ɗaya ne kawai." Ta ce ta yarda ni ne, amma wanda zai duba takardun a filin jirgi da wanda zai yi mini katin zama ba su san ni ba, rubutu za su karanta. Ta ce in nemi a gyara takardar karɓa ta dace da fasfo, in kuma samo shaidar kotu cewa mai sunan difloma da mai sunan fasfo mutum ɗaya ne. A lokacin haushinta na ji. Yau da na ga abin da ke gaba, addu'a nake mata.

Na fito gwiwa a sanyaye, na kira Baba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yanzu harafi guda ne za ya hana ka tafiya?" Na ce, "Baba, in ba a gyara ba, shi ne." Ya ce, "To, taho gida, a bi ta inda suka ce." A daren na rubuta wa masu tallafin ta shafinsu, na haɗa da hoton fasfo, washegari na kama hanyar Maraɗi. A kotu na kai takardar haihuwa, difloma da katin ɗan ƙasa, Baba ya raka ni da nasa katin. Kwana 3 aka yi takardar ta fito. Gyaran takardar karɓa kuwa kwana 9 na jira, kuma kwanakin nan su ne mafi tsawo a duk wannan tafiya, domin abokan da muka yi layi tare sun fara sa hotunan bizarsu a WhatsApp, mutanen unguwa kuma duk wanda ya gan ni sai ya ce, "A'a, ba ka tafi ba?" Harafin nan ya ci mini kuɗin mota zuwa da dawowa, tambur, abinci a hanya da kabu-kabu a Yamai, kusan jika 40 in an haɗa, ban da kunyar sake sauka gidan Kawu da jaka.

Zuwa na biyu bai ɗauki minti 10 ba. Aka karɓi fasfo, bayan mako ɗaya aka kira ni. Ga abin da nake so kowa ya yi a ranar da ya karɓi bizarsa: kafin murna, karanta ta layi-layi. Akwai ranar da bizar take mutuwa, akwai kuma adadin kwanakin da aka yarda ka zauna bayan ka shiga, kuma abubuwa biyu ne daban. Tawa ta shiga sau ɗaya ce, an rubuta dalilin tafiya karatu ne. Duk lissafin katin zama daga waɗannan layukan yake farawa, domin dole ka nemi katin kafin kwanakin su cika. Tikiti ya zo ta imel. Na canza kusan jika 200 zuwa yuro 300, Inna ta cusa mini kilishi, yaji da garin kuka, muka yi sallama a tasha ba mu kalli idon juna sosai ba.

Daga filin jirgin Diori Hamani muka tashi zuwa Istanbul a farkon Oktoba, daga can na shiga wani jirgin zuwa Konya. Hatimin da ɗan sandan filin jirgi ya buga mini a fasfo ranar shiga, shi ma takarda ne, za a nemi kwafin shafin. Konya fili ne shimfiɗe, busasshe, ƙasar alkama, da rana har ya so ya yi kama da gida, amma da dare sanyin ya nuna mini ba gida nake ba. Aka kai ni masaukin ɗalibai, wanda suke kira yurt, na kwanta ina cewa wahala ta ƙare. Da safe wani ɗan Nijar da ya riga ni da shekara biyu ya zo da takarda da biro, ya ce, "Ɗan'uwa, tashi, yanzu aiki ya fara."

Matakin farko rajista a jami'a. Takardunmu da Faransanci suke, don haka sai an kai su wurin mai fassarar da ya yi rantsuwa ya mayar da su Turkanci, sannan a kai ofishin noter, wato mai tabbatar da takardu a hukumance, ya buga hatimi. A kan kowane shafi ake biya, kuma nan ne guzurina ya fara ramewa. Fassara da noter sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da na zo da su. Mai fassara abin da ya gani yake kwafewa, saboda haka diflomata ta fito da Turkanci babu "e". Ma'aikacin rajista ya tsaya daidai inda matar Yamai ta tsaya. Wannan karon ban yi gardama ba, na zaro takardar kotun Maraɗi, wadda ita ma na sa aka fassara, na miƙa masa. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya rubuta sunana yadda yake a fasfo. Da ba ta hannuna, da sai in nemi a yi ta a gida a aiko, kwanakin biza kuma suna tafiya. Waɗanda suka zo da bak, wato shaidar gama sakandare, don yin lisans suna da ƙarin mataki, takardar daidaita difloma da ake kira denklik, wadda ofishin ilimi na lardi yake bayarwa. Da aka gama rajista aka ba ni takardar shaidar ɗalibi.

Daga nan sai lambar haraji, wadda ake samu kyauta da fasfo, ta intanet ko a ofishin haraji, sai layin waya na ƙasar, domin duk saƙon hukuma ta nan zai zo. Wani abu ya ba ni dariya da kunya a lokaci guda: kusan kowane fom a Turkiyya yana tambayar sunan uwa da sunan uba. Ni da ban taɓa kiran sunan Inna da bakina ba, sai ga ni ina faɗarsa da ƙarfi a gaban layi, har ana cewa in maimaita harafi-harafi. Akwai kuma ruɗanin sunan dangi. Su kowane gida yana da nasa, mu kuwa sunan uba ne yake zama a wannan gurbi, sai ka ga suna ɗaya ya fito sau biyu a fom. Kada ka yi dabara. Abin da fasfo ya sa a layin farko shi ne sunan dangi, na layi na biyu shi ne sunanka, ko da a gida ba haka ake jera su ba.

Katin zama ikamet suke ce masa, kuma hukumar kula da baƙi, Göç İdaresi, ita take bayar da shi ƙarƙashin doka mai lamba 6458 ta 2013. Ana fara nema a shafin e-ikamet. Na cike fom ɗin sau biyu, domin a karon farko na juya sunayen kamar yadda na saba, ɗan Nijar ɗin nan da ya riga ni zuwa ya hango kafin in buga. Na je ofishin hukumar aka ɗauki zanen yatsuna. Sannan na haɗa dosiye: fom da sa hannu, kwafin shafin fasfo mai hoto, na biza da na hatimin shiga, hoto 4, takardar shaidar ɗalibi, takardar tallafi, takardar yurt mai nuna inda nake kwana, da rasit na kuɗin kati. Ɗalibi ba ya biyan harajin zama, kuɗin katin kawai yake biya, a 2024 lira 565 ne, kuma yana ƙaruwa kowace sabuwar shekara. Hotunan da na zo da su daga Maraɗi ba su yi ba, bangon ya ɗan yi shuɗi-shuɗi kuma sun tsufa. Ana son na biyometrik mai farin bango wanda bai wuce wata 6 ba. Na sake wasu a bakin jami'a. A lokacinmu ofishin ɗaliban waje na jami'a ne yake karɓar dosiyen ya miƙa wa hukumar, abin da ya rage mana layi sosai.

Wanda ya zo da kuɗinsa, ba da tallafi ba, nauyinsa ya fi nawa. Shi zai sayi inshorar lafiya da kansa, ko ya shiga ta gwamnati, kuma wannan ƙofar wata 3 kawai take buɗe daga ranar rajistarsa ta farko a jami'a. In gidan haya ya kama, sai ya kai yarjejeniyar hayar wurin noter, kuma ya tambayi ofishin ɗalibai kafin ya biya kuɗin gida, domin akwai unguwannin da aka rufe wa sabuwar rajistar baƙi. Wanda bai kai shekara 18 ba, kamar yaran da suke cin bak da wuri, sai da takardar amincewar iyaye da takardar haihuwa. A yi su tun a gida, iyaye suna kusa.

Doka ta ba hukumar har kwana 90 ta yanke hukunci. Nawa ya ɗauki kusan mako 6. Kwanakin bizata sun cika ina cikin jira, cikina ya ɗuri ruwa, har na kira lambar 157, layin taimakon baƙi, aka tabbatar mini cewa tunda na nema a kan lokaci zamana halal ne, in dai riƙa yawo da fasfo da takardar shaidar nema. Haka na yi ta yawo da su a aljihun rigar sanyi, a taragon da ke kai mu jami'a, a masallaci, har wurin sayen burodi. Kuɗin hannuna kuwa sun kusa ƙarewa, garin kukar Inna ya yi rana. Wata ranar Talata saƙo ya shigo cewa an amince, katin yana hanya ta gidan waya, PTT. Ma'aikacin ya zo ina ajin Turkanci, kuma ba a ba kowa sai mai shi, don haka na bi shi reshensu da fasfo washegari. Ƙaramin kati ne, da hotona da lamba mai farawa da 99. Da lambar nan komai ya buɗe: rajistar adireshi a ofishin ƙidayar jama'a, kalmar sirrin e-Devlet (shafin hidimomin gwamnati na intanet), harkar banki, asibiti. Na tsaya a bakin gidan wayar na karanta sunan sau uku. Da "e" ɗinsa.

Abin da ya rage ƙanana ne, amma suna cizo. Wayar da ka zo da ita daga gida kwana 120 take aiki da layin Turkiyya, daga nan a rufe ta sai an yi mata rajista, kuɗin rajistar kuma ya fi kuɗin irin wayoyinmu; tawa ta mutu a Fabrairu, na sayi ta hannu a can. In ka canza masauki, kwana 20 na aiki gare ka ka sanar. Katin ɗalibi ba izinin aiki ba ne, ana neman wannan daban, kuma ɗan lisans sai ya cika shekara ɗaya kafin ya nema. Sabunta kati ana fara shi ne cikin kwana 60 kafin ya mutu, kuma dole fasfo ya wuce wa'adin da kake nema da aƙalla kwana 60. Fasfonmu shekara 5 yake yi, mai shirin dogon karatu ya yi wannan lissafin tun yanzu. Ni ma dalilin da ya sa hutuna bai kai yadda Inna take so ba ke nan: katina na shekarar koyon harshe ne, kuma ina so ranar sabuntawa ta same ni a Konya, ba a fada ina shan shayi ba.

Da zan sake daga farko, fasfo zan fara yi kafin in taɓa kowane fom, in kuma kwafi sunana daga cikinsa harafi-harafi a ko'ina. Zan shimfiɗa takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, difloma da takardun maki a tabarma ɗaya in gwada suna, ranar haihuwa da wurin haihuwa, musamman mu da yawancinmu aka rubuta mana 1 ga Janairu ko aka yi mana takardar haihuwa a kotu daga baya. Takardun da ba sa mutuwa a yi su da wuri, masu wa'adi kamar kaziye, hoto da takardar likita a bar su sai an san ranar ganawa. Kowace takarda a ɗauki hotonta a ajiye a imel, kuma a tafi da kuɗin da za su riƙe mutum wata biyu ko da yana da tallafi.

Ƙanwata za ta rubuta bak shekara mai zuwa, ita ma tana son fita. Shekaranjiya na ce Baba ya fito da akwatin ƙarfen da yake ajiye takardunmu. Muka baje nata a tsakar gida bayan la'asar, ina karantawa tana bi da yatsa. Sunan ya yi daidai ko'ina, har na fara tattarawa, sai ta ce, "Yaya, tsaya." A takardar haihuwa an haife ta 12 ga wata, a takardar makaranta 21. Baba ya cire hula ya shafa kai, ya ce ranar Litinin da safe mu shirya, shi zai riga mu fita neman adaidaita.